Yaya zan rage kuɗin wuta, cefane da wanki a Jidda?

Uwargida daga Sabil, Jidda

Assalamu alaikum, iyayena da 'yan'uwana mazauna wannan ƙasa. Mu huɗu ne a gida, ni da maigidana da yara biyu, muna haya a gida mai ɗaki biyu da falo. Tun da harajin kaya ya tashi daga kashi 5 zuwa kashi 15 cikin ɗari a watan Yulin 2020, kuma kuɗin da ake biya a kan kowane mutum da ke ƙarƙashin iƙamar maigida (takardar izinin zama a Saudiyya) ya kai riyal 400 a wata, albashin ba ya kai mu ƙarshen wata sai da ƙyar, domin riyal 1,200 na fita kafin mu sayi ko ƙwayar shinkafa. Faturar wutarmu, wato takardar kuɗin wuta, ta watan Agusta ta zo riyal 520, alhali lokacin sanyi ba ta wuce 150. Ina kashe fitilu, ina hana yara kallon talabijin da rana, amma ban ga wani sauƙi ba. Ina roƙon waɗanda suka riga mu zama a nan su faɗa mini inda kuɗin ke zurarewa, da yadda suke tafiyar da cefane da wanki ba tare da an ƙuntata wa yara ba.

Mai gyaran mukayyif (na'urar sanyaya ɗaki), Shari'u Mansur, Makka

Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Sana'ata ke nan, don haka zan tsaya a kan wuta. Kashe fitila ɗabi'a ce mai kyau, amma ba can ne kuɗinki ke tafiya ba. Tun daga watan Janairun 2018 ana sayar wa gidajen zama kowane kilowat ɗaya na awa a kan halala 18 (halala 100 ce riyal ɗaya), matuƙar ba a wuce 6,000 a wata ba, abin da ya haura haka kuma halala 30 ne, sannan a ɗora haraji a kai. Ƙwan fitila na LED mai wat 9, ko da ya yi awa goma a kunne kullum, kuɗinsa bai kai riyal ɗaya a wata ba. Mukayyif na taga kuwa, irin matsakaicin da ke yawancin gidajen haya, yana cin kusan kilowat biyu a kowace awa idan injinsa na aiki. Idan ya yi awa goma a rana, ya ci 600 a wata, wato riyal 108, da haraji kimanin 124. Ina kyautata zaton uku gare ku, ɗaya a kowane ɗaki, to kin ga riyal 370 daga cikin 520 ɗin nan sun bayyana.

Abin da nake gani a gidajen mutane shi ne a murɗa mukayyif zuwa ƙarshen sanyi, sannan a lulluɓa da bargo. Murɗawar ba ta sa ɗaki saurin yin sanyi, abin da take yi kawai shi ne hana injin hutawa. Ki bar shi a digiri 24, ko a tsakiya idan mai murɗawa ne, ki haɗa da fanka, za ki ji injin yana tsayawa yana tashi, kuma duk lokacin da ya tsaya kuɗinki ne ya tsaya. Ragar da ke gabansa a ciro ta a wanke duk mako biyu, domin ƙurar garuruwan nan tana toshe ta da wuri, kuma a sa a wanke masa ciki da baya sau ɗaya kafin zafi ya kama. A toshe ɓarakar da ke kewaye da shi a jikin bango da ƙarƙashin ƙofa, a sa labule mai kauri a tagar da rana ke duka bayan azahar. Da rana, idan maigida yana wurin aiki, ku taru a ɗaki ɗaya.

Akwai abu biyu da nake so ki duba yau. Na farko, sakhan na bayi, wato na'urar ɗumama ruwa: da yawa suna barinsa a kunne shekara guda, alhali daga Mayu zuwa Oktoba ruwan tankin sama da zafinsa yake saukowa. Na biyu, ki tabbatar mitar gidanku taku ce ku kaɗai. A tsofaffin gine-gine ana haɗa gida uku ko huɗu a kan mita guda, sai jimillar ta tsallake 6,000, kowa ya shiga biyan halala 30 a kan abin da ba shi kaɗai ya sha ba.

Hajiya daga Misfala

'Yata, Allah ya yi miki albarka da kika tambaya, domin mai tambaya ba ya ɓata. Na fi shekara talatin a Makka, kuma abin da ya fi cinye kuɗin cefane a ganina shi ne aiken yaro baƙala, wato kantin unguwa, sau uku a rana. Riyal biyar, riyal bakwai, ba a jin fitarsu, sai wata ya raba tsakiya a rasa inda suka shiga. Shinkafa, mai, sukari da madarar gari a saye su sau ɗaya idan albashi ya shigo. Mu huɗu ne maƙwabta muke haɗa kuɗi mu ɗauko babban buhun shinkafa da katan na kaji mu raba, kuma kayan miya a halaƙa, kasuwar sari, muke saye, mu a Ka'akiyya, ku ma kuna da taku a Jidda. Idan na samu tumatir da araha nakan sayi akwati guda, in markaɗa da albasa da attaruhu, in dafa har ruwan ya tsane, in ƙulla a leda daidai miyar rana ɗaya in sa a firiza. Ranar girki gas kaɗan nake ƙonawa.

Kada ki raina kayanmu na gida. Kuka, busasshiyar kuɓewa da daddawa da 'yan'uwa ke taho mana da su lokacin Umara ba sa lalacewa, kuma miyar kuka da rabin kaza tana ciyar da gidan da kabsa, dafa-dukan ƙasar nan, ba za ta ciyar ba sai da kaza guda. Ki riƙa auna shinkafa da kofi ɗaya sananne. Yana yi mini ciwo in ga farantan shinkafa a bakin shara, musamman da azumi. Ragowar ta dare, idan an sa ta a firji da wuri, da safe a soya ta da ƙwai. Tamis, gurasar ƙasar nan, idan ya kwana a yayyafa masa ruwa a ɗumama, a ci da ful, wato dafaffen wake.

Wanki kuwa, gassala, injin wanki, mai tukunya biyu nake amfani da ita, kuma ba zan canza ta ba. Ina fara da fararen kaya, in bi da masu launi a ruwan sabulun nan ɗaya, in ƙare da tsummokaran goge ƙasa, ruwan ɗauraya kuma a wanke bayi da shi. Sau biyu a mako ya isa, a tara kaya su cika. Garin sabulu ba a zuba shi da ka, yawansa ƙarin ɗauraya kawai yake jawowa. Ranar ƙasar nan tana busar da tufafi cikin awa ɗaya ko biyu, kuma idan aka karkaɗe jallabiya aka rataye ta a miƙe, guga kaɗan take buƙata. A tara gugar mako a yi ta zama ɗaya maimakon kai wa magsala, shagon wanki da guga.

Ɗalibi daga Madina

Hajiya, da izininki zan ƙara wani abu a kan sayen sari. Yana da amfani ga abin da ke daɗewa kawai. Mun taɓa sayen buhun dankali da na albasa mu uku, zafi ya ruɓar da kusan rabi kafin mu cinye, muka yi asarar da ta fi ribar. Haka nan rangwamen manyan kantuna: a tafi da rubutaccen jerin abin da ake buƙata, a kwatanta farashin kilo maimakon na ƙunshi, kuma a duba ranar da kaya zai lalace, domin sau da yawa abin da ya kusa ƙarewa ne ake karya wa farashi.

Uwargida daga Sabil, Jidda

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Malam, na duba: mitar tamu ce mu kaɗai, amma sakhan a kunne na same shi, kuma ragar mukayyif ɗin falo ta yi baƙi ƙirin da ƙura. Na kashe wancan, na wanke wannan, na rubuta lambar da ke kan mita domin in kwatanta bayan mako guda. Hajiya, na yi wa maƙwabciyata maganar haɗa kuɗin shinkafa, ta amince mu fara da albashin wannan wata. Tambayar da ta rage mini ita ce firizata ƙarama ce, shin markaɗen tumatir zai iya yin mako guda a firji idan na soya shi da mai sosai?