Ta ina za a fara sauraron Pet Shop Boys?

Shawarar da ta fi rinjaye ita ce a bi fayafayen Neil Tennant da Chris Lowe, mawaƙan Birtaniya biyu da ake kira Pet Shop Boys, bisa tsarin fitowarsu: Please na 1986, Actually na 1987, sannan Behaviour na 1990, wanda masana suka fi yabawa saboda natsuwarsa.

Inda sababbin masu sauraro ke tuntuɓe shi ne waƙarsu "West End Girls", domin iri biyu ce. Ta 1984 Bobby Orlando ya haɗa ta, ba ta yi wani tasiri ba. Wadda Stephen Hague ya sake haɗawa a 1985 ita ta hau matsayi na ɗaya a Birtaniya da Amurka. A duba shekara kafin a saya.

Faifansu Introspective kuwa, wanda ya fito tsakanin Actually da Behaviour, waƙoƙi shida ne kacal, dogaye, don wurin rawa. Mai neman gajerun da ake sa wa a rediyo ya nemi Discography na 1991, faifan da ya tattara fitattun waƙoƙinsu.