Ƙwaro mai ƙafa kamar ganye ya sauka a kokwambata: in yi feshi ko in kai shi Samaru?

Mai Lambun Kudenda: Assalamu alaikum 'yan zaure. Ina da ɗan lambu a bakin kogi, kokwamba da kankana. Satin nan wani ƙwaro ya yi dafifi a kan kokwambar, tunda nake noma ban taɓa ganin irinsa ba. Tsawonsa zai kai gaɓar yatsa, baƙi-baƙi ne, da siririn layi ruwan lemo a gicciye a bayan kansa. Abin da ya ɗaure min kai ƙafafunsa na baya: ƙwaurin ya baje kamar an liƙa masa busasshen ganye. Inda ya zauna sai wurin ya yi ɗigo ya lotsa, ƙananan 'ya'yan kuma su karkace su zube. Ɗana ya sa hotonsa a wata manhaja, ta ba da suna uku daban-daban, shi ne ya dage wai watakila sabon nau'i ne, kada in kashe, mu kai wa masana aikin gona a Samaru, Zariya. Ni kuma saura mako guda in fara tsinka, dillali har ya ba da kafin alƙalami. In yi feshi yau, ko in jira?

Ɗan Kawo: Wa alaikumus salam. Tsutsa ce, ka samu maganin tsutsar masara ka fesa, shi ke nan.

Mai Lambun Kudenda: Ɗan'uwa ba tsutsa ba ce, yana da fiffike, yana tashi har da ƙugi.

Baban Birnin Yero: Yaro, kada ka jira kowa. Ni jira ne ya kashe ni. Shekarar da na zuba wake a gonar gado, ya yi fure gwanin sha'awa, ya fara ƙwanso, sai ga waɗannan baƙaƙen masu kumburarriyar cinya, da wasu ƙanana masu gashi-gashi da ƙaya a kafaɗa. Wani ma'aikaci ya ce kada in taɓa sai ya zo ya gani. Yau gobe, yau gobe, har aka yi kasuwa biyu bai zo ba. Da na ɓare ƙwanso sai na tarar ƙwayar ta motse ta yi baƙi, kamar an tsotse ta da tsinke. Daga waje gona shar, ciki babu komai. Da wannan waken na yi niyyar yi wa 'yata kayan ɗaki, ƙarshe sai da na sayar da bijimina. Har yau in na ji warin ƙwaron nan raina ɓaci yake.

Hajiyar Malali: Allah sarki Baba, Allah ya mayar da alheri.

Ɗalibar Samaru: Amin. Baba, waɗanda suka cinye maka wake sanannu ne. Babban baƙin, wanda namijinsa ke da cinya kumburarriya a lanƙwashe, shi ne Anoplocnemis curvipes, ƙaramin mai ƙaya kuma Clavigralla tomentosicollis. Amma na Malam Mai Lambu daban ne, gida ɗaya dai suka fito, dangin Coreidae, masu nau'i sama da 1,900 a duniya. Bambancin yana ƙafar baya: na Baba cinya ce ta yi kauri, na Malam ƙwauri ne ya baje. Da wannan da layin lemon da ka faɗa, kuma a kan kokwamba, zuciyata ta fi karkata ga Leptoglossus gonagra, wanda ya bazu a ƙasashe masu zafi, Afirka da Asiya da nahiyar Amurka, kuma dangin kabewa ne abincinsa. Malam, ka kama ɗaya ka kifar da shi ka duba min: akwai ɗige-ɗige ruwan lemo a cikinsa? Ƙahonninsa gaɓa huɗu ne, baƙi da lemo a jere? Sai baki, wanda ya fi komai: dogon tsinke ne siriri miƙaƙƙe, kwance a tsakanin ƙafafu?

Direban Mando: Ni dai in sabon nau'i ne a sa masa sunana, na ba da gudummawar kuɗin mota zuwa Zariya 😂

Mai Lambun Kudenda: Ƙanwata, na je na duba. Ɗigon yana nan, baki kuma dogo har tsakiyar ciki. Na kuma ga wasu ƙwai ruwan ƙasa a jere a jikin yaɗo kamar carbi, da ƙananan jajaye marasa fiffike sun taru wuri ɗaya.

Ɗalibar Samaru: To 'ya'yansa ne. Ba ya yin tsutsa ko kaɗan, daga ƙwai sai ɗan ƙarami mai kama da uwarsa, ya yi saɓa sau 5 ya zama babba. Na tambayi baki ne don akwai wani mai kama da shi, dangin Reduviidae, bakinsa gajere ne mai kauri a lanƙwashe, shi ƙwari yake ci, abokin manomi ne, sai dai cizonsa da zafi. Ka kuma ɗaga ƙarshen fiffiken ga haske, na Coreidae za ka ga jijiyoyi da yawa sun jeru kusa da juna. Batun sabon nau'i kuwa, hoto ba ya yanke shi. Sai an sa namijin a madubin ƙara girma an duba al'aurarsa, an gwada da waɗanda aka adana a baya, sannan a wallafa. Sashen kare amfanin gona na ABU a Samaru yana da ɗakin adana ƙwari, nan ake kai irin wannan. Ka kama kamar goma, manya da ƙanana, ka zuba a kwalba da sifirit, ka rubuta rana da wuri da shukar da fensir ka jefa ciki. Wannan ba zai hana ka ceton lambunka ba.

Baban Birnin Yero: 'Yata, karatu daban, noma daban. Mai littafi ne ya ce min in jira.

Ɗalibar Samaru: Baba ban ce ya jira ba wallahi, cewa na yi ya kama kafin ya fesa.

Ɗan Kawo: Baba ya yi shekara arba'in a gona, shi za a saurara.

Hajiyar Malali: Shekara arba'in a gonar wake ba ta sa a san ƙwaron kokwamba. Yarinyar nan ita kaɗai ta karanta tambayar. Ni a ɗan lambun bayan gida da sassafe nake bi, lokacin ba su da kuzari, in kakkaɓe su cikin bokitin ruwan sabulu, ƙwan kuma in murje. Sai ruwan 'ya'yan darbejiya da aka daka aka jiƙa ya kwana.

Direban Mando: Hajiya lambunki tabarma biyu ne, nasa fadama ce.

Mai Shagon Magani: Lambda-cyhalothrin ko cypermethrin suna kashe shi. Lita ₦9,500 a wurina. Amma tunda tsinka ta matso, ka karanta kwanakin da aka rubuta a jikin kwalba tsakanin feshi da girbi, kuma ka fesa da yamma, don furen kokwamba da safe yake buɗewa, ƙudan zuma na kansa. In ka kashe zuma ka kashe 'ya'ya.

Ɗan Kawo: ₦9,500? Ni ₦6,000 na saya watan jiya.

Mai Shagon Magani: To ka duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa, ka dawo mu yi magana.

Manomin Kujama: Ni ₦12,000 aka sayar min, da hatimi da komai, na fesa ƙwarin suna kallona. Ruwa ne da kala da ɗan kananzir. Na koma shagon, mutumin ya ce ni ne ban iya haɗi ba.

Baban Birnin Yero: Ai shi ne ƙarashen labarina. Bayan mutumin bai zo ba na ranci kuɗi na sayo magani, shi ma jabu. Biyu babu.

Hajiyar Malali: Ku kuna kukan jabu, mu masu girki muna kukan na gaske da ake zubawa ba ƙa'ida. Ka sayo wake ka buɗe leda warin fiya-fiya ya buge ka. Tun 2015 Tarayyar Turai ta dakatar da shigar busasshen wakenmu saboda sinadarin dichlorvos da ke cikin fiya-fiya, mu kuma shi muke yi wa yara alala da ƙosai da shi.

Manomin Kujama: Hajiya ba manomi ke zubawa ba, masu ajiya a sito ne. Mu a buhun PICS, mai leda a ciki da ke hana iska shiga, muke ɗaurewa, ba magani ko ɗigo.

Mai Shagon Magani: Kowa ya tashi sai ya ɗora wa mai shago. Nawa ne cikinku ke auna magani da murfin da ya zo da shi? Da gwangwanin tumatir kuke aunawa.

Mai Lambun Kudenda: Jama'a, na kama goma sha biyu suna kwalba, yaron zai hau mota a Kawo ranar Litinin. Amma har yanzu ba a ce min ba, in na fesa yau, kokwambar da zan tsinka Juma'a ta ciwu?

Manomin Kujama: Mai shago, ka fara faɗa mana wa ke kawo muku jabun tukuna.