Sunana ya fito a aikin soja ga kuma admishin ya zo, wanda ya taɓa shiga wannan halin ya faɗa min yadda ya yi

Ɗan Kurna:
Salam yan uwa. Dan Allah shawara nake nema amma daga wanda abin ya taɓa faruwa da shi ko da ɗan uwansa, ba wa'azi ba. Shekarata 19. Na cike fom ɗin soja na kurtu tun ban san zan ci JAMB ba, na je tantancewa ta jiha, an auna tsayi an duba lafiya mun yi gudu, Allah ya sa sunana ya fito. Baba da kansa ya sa hannu a takardar amincewar iyaye, kawuna kuma ya tsaya min garanto har yana faɗa wa mutane a masallaci ɗansa zai tafi Zariya. Shekaranjiya kawai na buɗe CAPS, shafin JAMB na duba admishin, na ga an ba ni admishin, kwas ɗin da na nema ne ma ba canji. Tun ranar ban yi baccin kirki ba wallahi. Umma kuka take ita makaranta take so, Baba bai ce komai ba amma na san kuɗin rijista ba ƙaramin nauyi zai zame masa ba, mu bakwai ne a gida kuma ni ne babba. Sannan ina jin kunyar kawu. Shin ma idan ban je ba akwai laifi a kaina?

Las Kofur 17:
Ƙanena ni soja na zaɓa, admishin ɗina na poli ne na bar shi na tafi Daffo, wato makarantar horon kurata ta Zariya. Ba zan ce na yi nadama gaba ɗaya ba don da albashina aka aurar da ƙannena mata biyu, aka gyara rufin ɗakin tsohuwa, duk wata ina da abin da zan tura gida alhali abokaina da muka gama sakandare tare har yanzu wasu a gida ake ba su na kati. Amma abin da na gaya wa kaina lokacin, wai zan shiga in yi karatu daga ciki, to ba haka yake da sauƙi ba. Daga fita horo arewa maso gabas aka tura mu, inda wani lokacin sabis ma sai ka hau tudu. Yanzu ina NOUN, jami'ar karatu daga nesa, amma sau biyu jarrabawa na zuwa ina bakin aiki ba halin tafiya. Ana yi, akwai waɗanda suka gama a gabana, sai dai lokacinka ba naka ba ne, ka sa wannan a lissafi.

Tsohon Saje:
Ɗana tambayarka ta ƙarshe zan fara amsawa don ita ce ta fi tsaya maka a rai. Cike fom da zuwa tantancewa da fitowar suna duk ba su mai da kai soja ba. In ba ka je ba gurbinka kawai ka rasa, wani zai hau. Inda magana take canjawa shi ne in ka shiga ka yi rantsuwa aka ba ka lamba, daga nan dokar soja ce a kanka, wanda ya tafi ba izini laifi ne babba kuma ana hukunta shi. Saboda haka in za ka fasa to yanzu ne, a ɗakin uwarka, kada ka ce bari in je in gwada in ya yi zafi in dawo. Na ga yara da yawa da suka zo da wannan tunanin, horon nan kusan wata shida ne kuma an tsara shi ne don ya gajiyar da kai, sati biyun farko ma kowa sai ya tambayi kansa me ya kawo shi.

Abu na biyu da yaranmu ba sa ganewa, ƙofar shiga soja ba ɗaya ba ce kuma ƙofar da ka bi ita ce za ta bi ka har ritaya. Daffo ta Zariya tun 1924 take fitar da sojoji, ni ma can na fito kuma ina alfahari da ita, amma farabiti za ka fito, sai las kofur, kofur, saje, kana tara igiya a hankali. NDA ta Kaduna kuma hafsoshi take fitarwa, ta JAMB ake shiga, ka fito da digiri da anini a kafaɗa. Sannan akwai gajeren kwas na hafsoshi da ake ɗaukar masu digiri ko HND da suka gama bautar ƙasa. Na yi shekara da shekaru ina sara wa yaran da na haifi kamarsu, ban ji haushi ba don haka tsarin yake, amma na sha tunanin da na samu wanda ya zaunar da ni ya yi min wannan bayanin ina shekara 19. Ana iya tashi daga ƙaramin soja a zama hafsa, akwai hanyar, amma ƙunci gare ta.

Kai yanzu 19 kake. Kurtu marar sana'a ana ɗauka daga 18 zuwa 22, NDA kuma kada ka wuce 21. Ka ga kana da sauran shekaru a hannu ta ɓangaren soja, shi kuwa sakamakon JAMB na shekara ɗaya ne, in ka bar shi sai ka sake zaunawa. Ni dai da ɗan cikina ne makaranta zan tura shi in har za a iya biya. In ba za a iya ba, kaki ba abin kunya ba ne.

Ɗan Kurna:
Na gode Baba Saje, wallahi ka sauke min wani nauyi, ni na ɗauka za su zo neman kawu ne.

Mai Digiri Ba Aiki:
Bari in faɗi ɗaya ɓangaren don kada a nuna maka kamar makaranta aljanna ce. Ni na yi yadda Baba Saje ya ce, sunana ya fito na ƙi zuwa na tafi jami'a da niyyar in dawo ta gajeren kwas. Karatun shekara huɗu ya zama kusan shida, ga korona ga yajin aikin malamai na 2020, ga na 2022 da ya ci wata takwas muna zaune a gida, lokacin nan har keke napep na tuƙa. Na gama, na yi bautar ƙasa, na nemi gajeren kwas sau biyu ban samu ba don masu nema dubbai ne guraben kaɗan, kuma sun fi buƙatar wasu fannonin kamar likitanci da injiniyanci da irinsu fiye da abin da na karanta. Kurtu kuma shekaruna sun wuce. Wanda muka je tantancewa tare da shi yanzu kofur ne da mata da ɗa. Ina koyarwa a wata makarantar kuɗi, albashin ba ya kai ni ƙarshen wata. Duk da haka in aka mai da ni baya ina jin makarantar zan sake zaɓa, amma da na zaɓi kwas da idona a buɗe. Wane kwas aka ba ka ne ma?

Yayar Soja:
Ƙanina ne ya shiga irin wannan. Mu dabara muka ce za mu yi, aka biya kuɗin rijista aka rubuta takardar ɗage karatu na shekara ɗaya shi kuma ya tafi horo, wai a riƙe biyu. Kuɗin dai sun tafi a banza, don bayan shekarar yana bakin daga wa zai sake shi ya zo ya zauna a aji. Kada ku yi wannan, ɗaya za a ɗauka. Shi yana son aikinsa sosai tun yana yaro yake ɗinka kaki da sallah, kuma shi ya sa muke haƙuri. Amma ka san halin da za ka bar Umma a ciki, tamu in waya ta yi ƙara da dare sai ta dafe ƙirji kafin ta ɗauka, in aka kwana uku layinsa ba ya shiga ba mai cin abincin kirki a gidan. Ka tambayi kanka tsakani da Allah sojan kake so ko albashin, don ba ɗaya ba ne. In sojan ne ka je da albarkar iyaye.

Bn Sakkwato:
Batun kuɗin makaranta ka bincika NELFUND, bashin karatu na gwamnatin tarayya da aka fara a 2024, ba ruwa a ciki, suna biyan kuɗin makaranta kai tsaye kuma akwai ɗan na kashewa duk wata. Ni ina ciki. Sai dai sai ka zama ɗalibi tukun kake nema, don haka na farkon nan dole gida su yi ƙoƙari, mu akuya biyu aka sayar.

Las Kofur 17:
Ƙari kaɗan, in wani ya zo ya ce ka ba shi kuɗi zai ajiye maka gurbi zuwa baɗi, ko ya ce ka bar wa wani sunanka a biya ka, ka guje shi. Ɗaukar soja kyauta ce kuma ba a ajiye gurbi, shiga da sunan wani kuma ku biyun za ku jefa kanku a masifa.

Ɗan Kurna:
Na gode muku duka Allah ya saka. Yaya mai digiri, kimiyyar gwaje-gwajen asibiti aka ba ni, shekara biyar ce. Jiya bayan isha na zauna da Baba na karanta masa abin da kuka rubuta musamman na Baba Saje da na Anti Yayar Soja, ya daɗe shiru sannan ya ce shi dama bai so ya tauye ni ba ne shi ya sa bai yi magana ba, kuma ya ce zai je wajen kawu da kansa don kada ya ji daga bakina. Tambayar Anti ce ta tsaya min, don gaskiya albashin nake hange. Ban danna karɓa a CAPS ba tukunna, ina jira su dawo daga gidan kawu gobe mu ga nawa za a iya haɗawa. Bn Sakkwato dan Allah kai wata nawa ya ɗauka daga nema zuwa lokacin da suka biya maka?