Muhawara Kan Faɗan Takobin Turawa: Wane Ne Magajin Gaskiya?

Mai Kwagiri: Assalamu alaikum 'yan uwa. Raina ya ɓaci, kuma ina so ku yi mini alƙalanci. A nan Ingila inda nake karatu, ina cikin wata ƙungiya da ke koyon dabarun faɗan Turawan da, wanda suke kira HEMA: lanƙwasasshen takobin sojan doki, da kwagiri, da kokawa. Zaure ɗaya muke amfani da shi da masu wasan takobi irin na Olamfik, sai ga mai horas da su ya ce a gaban ɗalibansa wai mu 'yan wasan kwaikwayo ne. Ni kuwa na tsaya a kan cewa namu ya fi nasu kusa da faɗa na gaskiya. Takobinsu na sara ba ya wuce giram 500, saran da ya sauka ƙasa da ƙugu ba a ƙirga shi, kuma idan mutum biyu suka sari juna lokaci guda, alƙali yakan ba wanda ya fara kai hari maki. Mu ana koya mana cewa saran da ka yi ba shi da amfani idan kai ma an sare ka. Wannan gadon mayaƙan Turai ne, bai kamata a raina shi ba.

Malamin Tarihi: Wa alaikumus salam. Ƙanena, kalmar gado ce ban yarda da ita ba. Abin da ake gada daga hannu yake zuwa hannu, kamar yadda ɗalibi a zaure yake ɗaukar karatu daga bakin malaminsa, shi ma malamin daga nasa malamin. Littafin takobi mafi tsufa da ya rage a Turai an rubuta shi wajen shekarar 1300, yana ajiye a gidan adana makamai na birnin Leeds a Ingila. Fiore dei Liberi ɗan Italiya ya rubuta nasa wajen 1410, Joachim Meyer ya buga nasa a 1570. Duk waɗannan makarantu sun mutu, babu wanda yake raye da ya koya daga almajiransu, sai a ƙarshen ƙarni na 19, da kuma ƙarshen na 20, wasu suka buɗe tsofaffin takardu suna kallon zane suna gwadawa da jikinsu. Farfaɗowa ce, kuma aiki ne mai daraja, amma ba gado ba ne.

Mai Kwagiri: Malam, da girmamawa, ka kawo maganar dogon takobi, ni kuwa lanƙwasasshe nake nufi. Shi bai yi nisa da mu ba. Alfred Hutton, tsohon hafsan sojan Ingila, ya buga littafinsa a kansa a 1889, da Turancin da kowa ke karantawa, kuma sojojin doki sun riƙe takobi har Yaƙin Duniya na Ɗaya.

Ɗan Tsakiya: Idan haka ne, Yaya, ka yanke wa kanka hukunci. Waɗanda silsilarsu ba ta yanke ba su ne 'yan Olamfik ɗin da kake kuka da su. Takobin yana cikin gasar tun ta farko a 1896, kuma malaman Italiya, irin makarantar Giuseppe Radaelli ta Milan, su suka yaye waɗanda suka yaye masu horaswa na yau. Su ne magada, ku masu bincike ne.

Abokin Mai Kwagiri: Wanda ya karɓi gado ya sayar da rabinsa ba shi da bakin yi wa kowa gori. Na san ɗan'uwan nan, na ga shatar sara a damtsensa duk da rigar kariya mai kauri da safar hannu da ragar ƙarfe da suke rufe fuska da ita. Wanda bai taɓa riƙe takobi ba ya daina koya masa ma'anar gado.

Malamin Tarihi: Idan da ni kake, ban taɓa cewa na iya sara ba. Shata a damtse shaida ce ta juriya, ba ta zama shaidar silsila.

Hajiya Mai Nazari: Ku ba ni dama in shigo ta wajen kwagiri, domin a nan ne kalmar ta fi rikicewa. Edward Barton-Wright injiniya ne da ya yi aiki a Japan, ya dawo Landan a 1898, ya haɗa abin da ya kira Bartitsu. Ya kawo Pierre Vigny daga Siwizalan ya koyar da sanda, ya kawo Yukio Tani daga Japan ya koyar da kokawarsu ta jujutsu, ya ƙara da damben Ingila da shurin Faransawa, kuma makarantar ta rufe wajen 1902. To wanda yake koyon wannan a yau, gadon wa ya ci, na Turawa ko na Japanawa? Amma a Faransa wasan sanda bai taɓa mutuwa ba, yana tafiya tare da dambensu na hannu da ƙafa da suke kira savate, kuma har yanzu ana gasarsa. Saboda haka hukunci ɗaya ba zai hau kan duka ba, Malam.

Ɗan Dambe: Ni abin da ya dame ni daban ne. Mutum ya bar dambe da kokawa a gida, waɗanda uba ke koya wa ɗa har gobe, ya je yana haƙilon gadon wasu. Kokawar me Bature zai koya mana?

Mai Kwagiri: Ba iri ɗaya ba ne, ɗan'uwa. A kokawarmu da zarar an kai mutum ƙasa an gama. Ta Fiore an shirya ta ne don wanda aka zaro wa wuƙa, shi ya sa ta cika da murɗe hannu da karya gaɓa da ƙwace makami. Koyon ɗaya ba raina ɗaya ba ne. Kuma da yawa daga takubban da Hausawa da Buzaye suka rataya, ruwansu daga Solingen ta Jamus aka kawo shi ta Sahara, maƙeranmu suka yi masa mariƙi, dukawa suka yi masa kube.

Jikan Maƙera: Wannan maganar ba zan bari ta wuce ba. Kana nufin kakanninmu mariƙi kawai suka iya? Gidanmu gidan ƙira ne, kuma tama ake narkewa a ƙasar nan tun kafin wani fatake ya ɗauko ƙarfen Jamus. Ka janye.

Hajiya Mai Nazari: Bai ce duka ba, Malam, da yawa ya ce. Har ma akwai ruwan takobi na gida da aka buga wa tambarin da ya yi kama da na Turai, domin masu saye suna neman alamar.

Jikan Maƙera: Wato yanzu kuma masu kwaikwayo muka zama, Hajiya?

Shugaban Zaure: Ya isa haka, a yi haƙuri da juna. Ga abin da na fahimta. An tabbatar cewa abin da ɗan'uwanmu yake koyo ba gado ba ne, kamar yadda Malam ya yi bayani da hujjoji da shekaru, kuma ni ban ga wanda ya iya ture maganarsa ba, domin shi ya koyar da da yawa daga cikinmu. An kuma nuna cewa dambe da kokawa su ne suka cancanci sunan. Maganar maƙera a bar ta, ba ta da amfani.

Hajiya Mai Nazari: Ranka ya daɗe, ban yarda da wannan taƙaitawa ba. Na kawo sandar Faransa wadda silsilarta ba ta yanke ba, Malam bai amsa ba, kai kuma ka tsallake ta. Ina jiran amsarsa kafin a rufe.

Jikan Maƙera: Ni ma ba a janye mini maganar Solingen ba tukuna.