Musayar waƙa: a ƙafa daga duwatsun Firanis na iyakar Faransa zuwa birnin Santiyago a Sifen

Bakatsine:
Salam jama'a, na dawo daga Sifen ƙafata har yanzu bata huce ba wallahi, kusan kilomita 780 na taka, ga abin da ya zo min a hanya, mai iyawa ya amsa.

Na baro Faransa da asuba, hazo ya rufe tudu,
A Ronsesbayes na kwana, gwiwa ta ƙi yin gudu,
Kibiya ruwan ɗorawa ta ce yamma, ba kudu,
Na bi ta da bororo a ƙafa, ba ɗaya ba, har huɗu.

'Yar Damagaram:
Yaya sannu da hanya, Allah huce gajiya,
Amma turbar Kirista ce, ka faɗa min gaskiya,
Su kabarin Yaƙub almajirin Yesu suke nufa, kai ziyara ko yawon duniya?

Bakatsine:
Ƙanwata, kakana ya je Makka ne a ƙafa,
Ta Chadi da Sudan, daga shi sai sanda da tufa,
Na so in ji abin da ya ji kafin ƙasa ta rufa.
Sallata ban bari ba, ko a masauki alƙibla nake nufa,
A gicciyen ƙarfe, Kurus de Fero, kowa dutsen gidansu yake jefa,
Ni na koma gefe, na yi wa kaka addu'a na shafa.

Malam Na Tudu:
A 997 Almansur, wazirin Andalus, ya taso daga Kurɗuba,
Ya rushe Santiyago, kabarin kuwa bai taɓa ba,
Ƙararrawar coci ya kwashe, ba ta koma gida ba
Sai da Kurɗuba ta faɗi a 1236, ɗana ko ka duba?

Bakatsine:
Baba na ji labarin a can, amma ni ƙauyen O Sebreiro ne ya tsaya min a rai, yana sama kusan mita 1,300, na iso ruwa ya jiƙa ni sharkaf haƙora na haɗuwa ko magana bana iyawa.

Ɗakunan dutse zagayayyu, jinkarsu ta ciyawa,
Kamar na ƙauyenmu, har hawaye na zubowa,
Wata tsohuwa ta gan ni sanyi na kaɗawa,
Burodi da cuku ta miƙo tun ban kai ga tambayawa,
Ba na jin yarenta, hannu muka yi ta ɗagawa,
Aka buga min hatimi a kati, na ci gaba da takawa.

'Yar Damagaram:
Allah ya ji ƙan kaka, ya sa aljanna makoma,
Tsohuwar nan mun gode mata, ka gaishe ta in ka koma.