Gidan rediyon gwamnati na jama'a ne, ko na wanda ke kan mulki?

Ɗan Zazzau:

Assalamu alaikum. Ina da tambaya ga masana harkar watsa labarai da ke cikinmu. Gidajen rediyo da talabijin na gwamnati a Najeriya, tun daga NTA da Rediyon Tarayya har zuwa na jihohi, da dukiyar al'umma ake gudanar da su, amma duk wanda ya saurari labaransu na dare ya san cewa kan labarai ba ya wuce abin da shugaban ƙasa ya ce, ko aikin da gwamna ya ƙaddamar, ko ziyarar da uwargidan gwamna ta kai, alhali 'yan adawa ba a jin ɗuriyarsu sai ranar da wani daga cikinsu ya sauya sheƙa zuwa jam'iyya mai mulki. Shin doka ce ta ba masu mulki wannan dama, ko kuwa al'ada ce da aka gada? Kuma shin kafafe masu zaman kansu sun tsira daga wannan ciwo, kamar yadda suke faɗa?

Tsohon Ma'aikacin Rediyo:

Wa alaikumus salam, Malam. Doka ba ta ba su ba, amma ta bar musu ƙofa a buɗe. Sashe na 22 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ɗora wa kafafen watsa labarai nauyin bin diddigin gwamnati a madadin jama'a, sai dai yana cikin babi na biyu, wanda ba a iya kai ƙara kotu a kan saɓa masa. Sashe na 39 kuma, bayan ya tabbatar da 'yancin faɗar albarkacin baki, ya ce ba wanda zai mallaki gidan rediyo ko talabijin in ban da gwamnatin tarayya da ta jiha, sai wanda shugaban ƙasa ya ba izini. Hukumar NBC mai sa ido kan gidajen rediyo da talabijin, wadda aka kafa a 1992, ita ke karɓar takardun neman lasisi, amma amincewar ƙarshe ta shugaban ƙasa ce, kuma shi ne ke naɗa babban daraktan hukumar. A jihohi ma gwamna ne ke naɗa shugaban gidan rediyo, shi ke sauke shi ranar da ya ga dama. Dokar Zaɓe ta 2022 ta hana amfani da kafafen gwamnati don fifita wata jam'iyya, ta kuma wajabta raba lokaci daidai tsakanin 'yan takara, amma aiwatar da ita na hannun waɗanda za a hukunta.

Na yi aiki a ɗakin labarai na wani gidan rediyon jiha, kuma abin da mutanen waje ba su sani ba shi ne, ba kasafai ake bugo waya daga gidan gwamnati a ce a cire labari ba, domin ba a ma bukatar hakan. Edita ya san man janareto daga ina yake fitowa, ya san inda aka tura wanda ya gabace shi bayan ya sanya muryar wani ɗan adawa, saboda haka da hannunsa yake jan layi a kan labarin kafin ya isa hannun mai karantawa. Na ga rahoton ƙarancin magani a asibiti, wanda wakili ya wuni yana haɗawa, an ajiye shi a aljihun tebur domin gwamna zai buɗe sabon gini a garin washegari.

Al'adar ta samu gindin zama a zamanin soja. A 1975 gwamnatin Murtala ta karɓe jaridar New Nigerian, ta kuma ɗauki kashi 60 cikin ɗari na hannun jarin jaridar Daily Times. A 1984 aka ɗaure Tunde Thompson da Nduka Irabor na jaridar Guardian shekara guda a ƙarƙashin Doka ta 4, wadda ta hana buga abin da zai kunyata jami'in gwamnati. Soja sun koma bariki a 1999, amma farar hula sun tarar da tsarin yana yi musu amfani, sai suka bar shi yadda yake.

Hajiya Mai Sauraro:

Yallabai, na gamsu da bayaninka a kan gidajen gwamnati, amma ina ganin rabin tambayar Malam na biyu ya fi muhimmanci, domin a yau mai sauraro a Kano ko Kaduna ko Sakkwato ba gidan gwamnati yake kamawa ba in yana neman siyasa. Tun da Raypower ta fara aiki a Legas a 1994, Freedom Radio kuma ta buɗe a Kano a 2003, tashoshi masu zaman kansu sun yawaita, kuma babu mai musun cewa sun ba talaka bakin magana. Amma su ma da kuɗi suke rayuwa, kuma a jihohin Arewa, inda manyan kamfanoni masu tallace-tallace ba su da yawa, babban mai ba da talla shi ne gwamnatin jiha da 'yan siyasa. Tashar da ta matsa wa gwamna lamba ba sai an rufe ta ba: a janye talla, a ƙi biyan bashin da take bi, cikin 'yan watanni za ta kasa biyan albashi.

Ga kuma filin da ake saya. Waɗanda muke kira sojojin baka suna shiga shirin siyasa da kuɗin ubangidansu, su yabi wanda ya biya, su ci mutuncin abokin hamayyarsa, kuma sau da yawa ba a gaya wa mai sauraro cewa fili ne na talla, sai ya ɗauka labari ne. Wannan son kai ne kamar na gidan gwamnati, bambancin kawai a nan 'yan adawa ma suna iya saye in suna da abin hannu. Wanda ba a jin muryarsa ko'ina shi ne manomin da ba shi da ubangida. Ba na ɗora laifin duka a kan wakilai, domin wanda ya yi watanni ba albashi da wuya ya mayar da ambulan ɗin da aka miƙa masa bayan taron manema labarai, amma wanda ya karɓi ambulan ba zai yi tambaya mai zafi ba.

Tsohon Ma'aikacin Rediyo:

Hajiya, gaskiyarki, sai dai kada mu manta cewa in kuɗi bai yi aiki ba, ana komawa ga sanda. A Yunin 2019 NBC ta dakatar da lasisin AIT da Raypower. A Yunin 2021 gwamnatin Buhari ta rufe Twitter bayan an goge wani saƙon shugaban ƙasa, ba a buɗe ba sai a Janairun 2022. A Agustan 2022 aka ci tarar Trust TV naira miliyan 5 saboda shirin da ta yi a kan 'yan bindiga, sannan a Oktoban shekarar gwamnatin Zamfara ta ba da umarnin rufe wasu tashoshi, har da NTA Gusau, saboda sun ɗauki taron jam'iyyar PDP. A wannan karon NBC da kanta ta ce gwamnatin jiha ba ta da wannan hurumi, aka janye umarnin. A Mayun 2023 kuma Babbar Kotun Tarayya da ke Abuja ta yanke hukunci cewa NBC ba kotu ba ce, don haka ba ta da ikon cin tara. Abin lura shi ne, PDP da APC kowacce ta yi kukan an danne ta lokacin da take adawa, kuma babu wadda ta gyara dokar NBC ta yadda naɗin shugabanta zai fita daga hannun mutum ɗaya bayan ta hau mulki.

Bamaradi:

'Yan'uwa, mu a Nijar muna bin wannan muhawara da sha'awa, domin abin da kuke kuka da shi mun ga wanda ya fi shi. Télé Sahel da Muryar Sahel, wato talabijin da rediyon ƙasarmu, sun kasance bakin kowace gwamnati, ta soja da ta farar hula. A zamanin Shugaba Tandja an tsare Moussa Kaka, wakilin RFI, sama da shekara guda daga 2007 bisa zargin hulɗa da 'yan tawayen arewacin Nijar. A 2010 aka soke hukuncin ɗauri a kan laifuffukan aikin jarida, muka ɗauka an wuce wurin. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 aka dakatar da RFI da France 24, a Disamban 2024 kuma aka dakatar da BBC na wata uku. Mutane da yawa a nan sun goyi bayan matakin, suna cewa kafafen Faransa muradun ƙasarsu suke karewa, kuma ban ce zargin ba shi da tushe ba. Amma dalilin da ya sa iyayenmu suka riƙe sashen Hausa na BBC da Muryar Amurka da Muryar Jamus shi ne rashin amincewa da rediyon gida, kuma rufe tashar waje bai ƙara wa ta gida ƙima ba. Yanzu in aka kai hari a Tilaberi, mutane a WhatsApp suke fara neman labari, inda babu edita, babu wanda za a tuhuma in ƙarya ce.