Neman shawara: rasit na fitowa da shekarar 1970

Ɗan Tudun Wada: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina haɗa wa kawuna manhajar rubuta ciniki don shagonsa na Kasuwar Barci. Sabar (kwamfutar da ke ajiye bayanan) na ba ni lokacin kowane ciniki da time() na PHP, ni kuma in zuba lambar cikin new Date() na JavaScript don ta fito a rasit (PHP da JavaScript harsunan rubuta manhaja ne). To duk rasit ɗin jiya Janairun 1970 suka nuna. Kawu ya ce in ban gyara ba zai koma littafinsa. Don Allah a taimaka.

Injiniya na Barnawa: Wa alaikumus salam. Ƙanena, ƙirga lambobin tukuna. Kwamfuta ba rana da wata take ajiyewa ba, ƙidaya take yi tun daga sha biyun daren 1 ga Janairu 1970 a agogon UTC, wato agogon bai-ɗaya na duniya. Shi time() sakan yake ƙirgawa, a yanzu lamba goma ce. JavaScript kuwa milisakan yake jira, wato sakan ɗaya an raba shi dubu, lamba goma sha uku. Da ka miƙa masa biliyan 1.7 da 'yan kai, sai ya ɗauke su milisakan, abin da bai wuce kwana ashirin da wani abu ba daga farkon ƙidayar. Ninka da 1000 kawai. Kuma in milisakan za ka ajiye a rumbun bayanai na MySQL, yi amfani da gurbin manyan lambobi, wato BIGINT, don gurbin INT ba ya wuce 2,147,483,647. Wannan iyakar ce ma ke jiran tsofaffin tsare-tsare masu ƙirga sakan ranar 19 ga Janairu 2038.

Maman Khadija: Ƙari a kan maganar Injiniya. Najeriya gaba take da UTC da awa ɗaya. Ajiye UTC, sai wajen bugawa ka juya shi zuwa lokacin Najeriya, wato Africa/Lagos. Na taɓa shan wahalar wannan: daren jajiberin sallah aka yi ciniki sha biyu da rabi, lissafi ya jefa shi cikin na jiya, aka kwana ana neman kuɗin da ba su ɓata ba. Kada kuma ka dogara da agogon wayar yaron shago, kowa na iya taɓa shi. Na sabar ya fi.

Ɗan Tudun Wada: Alhamdulillah, ya gyaru. Allah ya saka da alheri. Saura guda: ina son auna tsawon lokacin da firinta ke ɗauka. Date.now() ya isa?

Injiniya na Barnawa: Gara performance.now(). Date.now() agogon wayar yake bi, waya na iya daidaita shi da intanet ana cikin aiki, har ka ga sakamako ƙasa da sifili. Shi kuwa performance.now() daga buɗe shafi yake ƙirgawa, ba ya ja da baya. Haka event.timeStamp na danna maɓalli yake, shi ya sa kada ka buga shi a rasit a matsayin kwanan wata.